Askin da Na Yi wa Gonar Goro

A Agege na tashi, cikin huhunan goro, amma sai da na haura shekara talatin kafin na san irin rayuwar da bishiyarsa take so. Fatauci ne ya kawo kakana Ikko, zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar goro zuwa Kano, mu kuma muka gaji rumfa. Da na tara 'yan kuɗi sai na karɓi hayar wata tsohuwar gonar goro a wajen Epe, a raina na huta da dillalai.

Abin da na tarar bai yi mini ba. Sarƙaƙiya ce, sama a rufe, ƙasa ba wurin sa ƙafa. Ni kuwa idon Bahaushe gare ni, gonar kirki ita ce wadda aka share. Na ɗauko 'yan ƙwadago huɗu da adduna, kwana uku muka yi wa wurin tas, muka sassare rassan manyan itatuwa don rana ta shigo. Na dasa 'ya'yan goro 60. Kafin watan Fabrairu ya fita, ganyensu ya ƙone tun daga baki, ƙasar da na sani baƙa mai laushi ta koma kamar daɓe. Guda 11 suka tsira, dukkansu a gefen da addarmu ba ta kai ba.

Dattijon da ke maƙwabtaka da ni, Bayerabe ne da ya iya Hausa saboda cinikin goro, ya leƙo ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan askin?" Na ce, "Baba, ni ne." Bai ƙara magana ba, ya ja ni muna bin kututture. Ya kan durƙusa ya kankare ɓawo da farce, ya shinshina, sannan ya faɗi suna. Wannan namijin goro ne. Wannan kimba. Ga ɗan agwaluma, bai wuce kaurin yatsa ba, ya ce ya fi shekara biyar a nan. Igiyar da na tsinke a jikin bishiya masoro ce. Can cikin damshi citta mai 'ya'ya. Da muka zo kan ganyen fita ne ya yi dariya: "Wanda kake saye da kuɗinka don naɗe goro, shi ka biya aka sare." Rabin kayan yajin gidanmu, ashe a ƙarƙashin kurmi suke fitowa, ni kuma ina kiransu ciyawa.

Bayan haka na je dajin da ake karewa a Lekki, mai hekta 78, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta kafa a 1990. Jama'a na layin hawa gadar sama mai tsawon mita 401, birai na ta ƙwacen abinci. Ni dai na tsaya kan hanyar katako ina kallon ƙasa. A kurmi mai duhu, hasken da ke isa ƙasa bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Wasu itatuwan, kamar goro, can suka fi jin daɗi tun suna ƙanana. Wasu kuma 'ya'yan manya ne, suna tsugune shekara da shekaru suna jiran wata babbar ta faɗi, rana ta samu ƙofa, su miƙe. Su na kashe.

Yanzu kafin a sa adda, ni da Baba muke zagawa, duk tsiron da ya gane in ɗaura masa jan ƙyalle. Na shuka agada don ta yi wa sabon dashe inuwa, busasshen ganye kuma an daina share shi. Namijin goro ya fi ba ni wahala: irinsa in ya bushe ya mutu, in bai bushe ba sai ya yi watanni bai tsiro ba, ga masu saran asuwaki ba sa barin ƙanana su girma. Cikin 20 da na binne a buhun yashi mai damshi, 7 suka fito.

Makon jiya na ga kututturen kimbar nan ya yi toho uku. Na ɗaura masa ƙyalle, ina jin ƙarar katafila a filin da ke bayan rafi, wanda aka sayar za a yi rukunin gidaje.