Wasan da Na Haɗa a Telegram, Ba Maɓalli Sai Rubutu

Da hutun makaranta na haɗa wani ɗan wasa a Telegram domin ni da abokaina. Ba hoto, ba maɓallin dannawa. Kowa falke ne a cikin ayari, abin da ka rubuta shi bot (manhajar da ke amsa saƙo da kanta) zai aiwatar: "arewa", "sayi gishiri", "ɗaure raƙumi". Salon ba nawa ba ne. Tun 1978 Roy Trubshaw ya fara MUD, wasan rubutu zalla da mutane da yawa ke yi tare, a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ɗora daga inda ya tsaya. Sai dai su a gaban kwamfuta suke wasa, da yatsu goma. Mu kuwa manyan yatsu biyu ne kawai.

Daren farko na sha surutu. Na tsara cewa idan 'yan fashi suka tare hanya, wanda ya riga rubuta "gudu" shi ya tsira. Da kibod ya buɗe sai ya rufe rabin fuskar wayar, mutum bai ma ga gargaɗin ba. Wani ya rubuta daidai, wayarsa ta yi masa gyaran gangar Auzinawa, ta mayar da shi "guru". Wanda ke ƙauye kuma sabis ya riƙe masa saƙo, kafin ya iso an kwashe masa raƙuma. Ashe gasar waya mai kyau na shirya. Na soke rige-rigen, na ba kowa daƙiƙa 30 a kowane zagaye, bot ya tattara umarnin ya zartar gaba ɗaya.

Sai rigimar haruffa masu lanƙwasa. Yawancinmu ba ma sa su, don haka na ce bot ya ɗauki ƙ da k a matsayin abu ɗaya. Na manta akwai ƙayar shinge a wasan. Mutum ya rubuta "dauki kaya", ya bar buhunan gishirinsa a zango, ya yi tafiyar kwana uku da dami na ƙaya. Dole na mayar da ita "sarƙaƙiya".

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ajiye duk kalmar da bot bai gane ba. Da na duba, ciniki mutane ke yi da shi: "rage mini", "albarka", "na sallama". Ban taɓa tunanin sa tayi a wasan ba, su suka nuna mini. Yanzu a kasuwa ake kwana, faɗa da 'yan fashi ba mai ɗokinsa.

Akwai wanda kullum aka yi masa fashi sai ya rubuta "Allah ya isa". Har yau ina neman amsar da bot zai ba shi.