Tabon soja a kan takarda

Aikina a wani ofishi da ke taimaka wa tsofaffin sojojin Amurka neman kuɗin naƙasa bai wuce karanta fayil, cike fom, da zama da mutum a ji ta bakinsa ba. Wanda ya rasa ƙafa ko ido, maganarsa a fili take, ba a cika jayayya a kanta ba. Inda na ga ana kai ruwa rana shi ne kan tabo.

Ma'aikatar Harkokin Tsofaffin Sojoji, wadda kowa ke kira VA, tana auna naƙasa da kashi cikin ɗari, kuɗin wata kuma yana bin kashin. Ƙa'idar tabo lissafi ce zalla. Idan tabon ba a kai ko fuska ko wuya yake ba, kuma bai ci naman da ke ƙarƙashin fata ba, sai ya kai murabba'in inci 144, wato inci 12 tsaye 12 kwance, kafin a ba shi kashi 10. In ya ci nama, murabba'in inci 6 ya isa. Shi ya sa za ka ga mutum da dogon ɗinkin tiyata a gwiwa, an amince a bakin aikin soja ya same shi, amma an rubuta masa sifili. An yarda da raunin, kuɗi ne dai babu.

Sai dai akwai wata ƙofa da ba ruwanta da tef ɗin awo. Tabo mai zafi, ko wanda fatarsa ke yawan saɓulewa, ana ba shi kashi 10 komai ƙanƙantarsa idan ɗaya ne ko biyu, kashi 20 idan uku ne ko huɗu, kashi 30 daga biyar zuwa sama. In tabon ya haɗa zafin da saɓulewar, a ƙara kashi 10. To zafi kuwa likita ba ya ganinsa da ido, sai mai shi ya faɗa. Nan ne wuyar take, domin mutanen da aka horar shekara da shekaru su cije su daure, bakinsu ba ya iya cewa "yana min ciwo" a gaban baƙo.

Wani dattijo ya zo mana da takardar sifili a kan tabon da ke ƙugunsa. Rahoton gwajin ya ce babu zafi, shi ma bai musa ba, ya ce da likitan ya tambaye shi, lafiya lau ya amsa. Muna cikin magana na lura wandonsa a rataye yake da igiya ta kafaɗa. Na ce, "Baba, ba ka ɗaura bel ne?" Ya ce ai ya daɗe da rabuwa da bel, don da zarar ya goge wurin sai fatar ta buɗe, musamman lokacin zafi, sai matarsa ta wanke ta manna masa filasta. Shi a wurinsa wannan ba ciwo ba ne, yadda rayuwarsa take ke nan. A wurin doka kuwa, abin da ya faɗa cikin minti biyu shi ne hujjar da fayil ɗinsa ya rasa. Muka rubuta bayaninsa da kalmominsa, matarsa ta rubuta nata, aka ɗauki hoton wurin ranar da ya buɗe, da kwanan wata a jiki.

Tun daga nan na daina tambayar mutum ko tabonsa yana ciwo. Ina tambayarsa ta wane gefe yake kwanciya, wane irin takalmi yake iya sawa, yaya wurin yake yi idan sanyi ya sauko. Kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe da yarda cewa mutum ba ya buƙatar takardar likitanci kafin ya ba da shaidar abin da yake ji a jikinsa. Dokar ma ta ce idan hujjoji suka yi kunnen doki, sojan ake ba wa gaskiya. Amma alƙali ba zai auna shaidar da ba ta cikin fayil ba.

Doka ta hana a biya mutum sau biyu kan alama guda, kuma da yawa sukan ɗauka ma'anar hakan ita ce tabo ɗaya, kashi ɗaya. Shari'ar Esteban ta 1994 ta warware wannan: rauni guda a fuska ya jawo sauyin kama, da zafi, da lalacewar tsokar da ake tauna da ita, kotu ta ce abubuwa uku ne daban, kowanne da nasa kashin. Don haka idan na ga tabo, sai na bi abin da ke bayansa: jijiyar da ta mutu ta bar wurin a sandare, gaɓar da ba ta miƙewa, ko damuwar da ta sa mutum ya daina shiga jama'a, wadda ita ma ana iya neman haƙƙinta idan likita ya danganta ta da raunin.

Tabon fuska yana da alamomi 8 da ake dubawa, kamar tsawon inci 5, ko tudu ko kwarmi idan aka shafa, ko sauyin launi a wuri mai faɗi. Alama ɗaya kashi 10 ce, 6 ko fiye kashi 80. Ana la'akari da hoto mai launi wanda ba a yi masa kwaskwarima ba, kuma ga masu baƙar fata irina ina nacewa a ɗauka a hasken rana, don hoton cikin ɗaki yakan haɗiye bambancin launin gaba ɗaya.

Tun watan Fabrairun 2019 hanyoyi uku ne gaban wanda bai gamsu da hukuncin VA ba: babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ko a kawo sabuwar hujja, ko a tafi gaban Hukumar Ɗaukaka Ƙara da ke Washinton. Ta farko ba ta karɓar ko takarda ɗaya sabuwa, saboda haka ba ta da amfani ga irin dattijon nan. Kuma wa'adin shekara guda da ake ba mutum ya ƙalubalanci hukuncin ba abin wasa ba ne.

Abin da ya fi min nauyin faɗa shi ne lissafin haɗawa. Mai kashi 60 da ya samu ƙarin 10 ba 70 yake komawa ba. Ana ɗaukar kashi goman ne daga 40 ɗin da ya rage, wato 4, jimla ta zama 64, a mayar da ita 60. Kuɗinsa ba zai motsa ba. Ina faɗa wa mutum wannan tun kafin ya sa hannu, sannan in nuna masa cewa in wani kashi 10 ya biyo baya, lissafin zai kai 68, wanda ake ɗagawa zuwa 70. Yawancinsu sukan ce a shigar da takardar.