Birkin Hilux da albashin da aka yanke mini

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin akwatin kayan aiki in bar garejin kamfani. Abokan aiki sun san dalili, amma ina so yaran da zan bari su ji daga bakina, don maganar birkin motocin nan ba ta mutu ba.

Hilux ɗinmu masu bin hanyar Jos zuwa Akwanga ne suka fara dawowa da ƙorafi iri ɗaya. Birki na ƙara, kuma da direba ya taka a guje sai sitiyari ya kama rawa. Manaja bai ko leƙo ƙarƙashin mota ba ya yanke hukunci: faifan birki ya lanƙwashe, bakanike ne bai iya ɗauri ba. Aka zare kuɗin sabbin faifai daga albashina, ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina.

Faifan nan ƙarfen zubi ne mai kauri, ba kasafai yake lanƙwashewa ba. Abin da ke faruwa shi ne direba ya gangaro Hawan Kibo da lodi, ƙafarsa a kan birki tun daga sama maimakon ya sa ƙaramin giya. Faifai ya ɗau zafi har ya yi shuɗi. Yana isowa ƙasa ya tsaya ya danne birki, sai fatar birki, wato abin da ke matse faifai don mota ta tsaya, ta bar shatinta a wuri ɗaya. Na sha cire taya in tarar da hoton fatar ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfen. Bambancin kaurin da bai kai silin gashi ba ya isa ya girgiza sitiyari. Fata mai kyau tana jure wannan zafin. Wadda manaja ya sayo wurin mutuminsa, a kwalin da ko sunan kirki babu, ba ta jurewa. Ranar da aka sauke kayan na ce masa, "Ranka ya daɗe, fatar nan ba ta motar da ke hawa dutse ba ce." Ya ce, "Kai dai ɗaura, saye ba aikinka ba ne." Da magana ta tashi, ya ce bai tuna mun yi haka ba. Har yau abin yana ci mini rai, ba don kuɗin kawai ba. A gaban yaran da na koya wa riƙe sifana aka ce ban iya aiki ba.

Akwai kuma ɗaurin taya. Mai faci a bakin hanya zai zura bututu a sifana ya hau da ƙafa, noti ɗaya ya ɗauru tamau, na kusa da shi sako-sako. Noti shida ne, ana ɗaure su a gicciye, da ƙarfi iri ɗaya. Haka in an bar tsatsa a mazaunin faifai, zai zauna a karkace, bayan 'yan watanni ya ci gefe guda. Na nemi a sayo mana sifana mai awo da agogon gwada karkata, aka ce almubazzaranci ne.

Ita ƙara ba kullum take nufin matsala ba. Da safe bayan ruwan sama tsatsa ce, taku kaɗan ta tafi. Da hunturu ƙura ce. Amma in ta ƙi ɗaukewa, ku duba ɗan ƙarfen da ke jikin fatar, aikinsa ke nan ya yi kuka idan ta kusa ƙarewa. Ku sa wa fil ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fata yana matsa ta a kan faifai, giris kada ya maƙale. Kada ku kai faifai yanka, wato a kankare fuskarsa da inji ta daidaita, sai kun karanta iyakar kaurin da aka buga a jikinsa. Man birki yana shan ruwa, a riƙa canza shi.

Kai kuma da za ka gaje ni, sayi littafi. Duk kayan da ka ƙi amincewa da su, rubuta da kwanan wata, ka sa mai sito ya sa hannu. Ragowar kwalayen fatar da manaja ya sayo suna nan a ƙasan kanta ta hagu. Don Allah kada ka ɗaura su a motar da za ta Filato, akwai mutane a cikinta.