Alhamis, ranar da sakamakon jinin Kawu ya fito

Sakamakon Kawu ya fito wajen ƙarfe sha ɗaya na safe: 24. Ni na ɗebi jinin jiya, amma abokin aikina na miƙa wa ya yi gwajin, domin in jinin ɗan gida ne sai ka ga hankalinka ya tafi kan na'ura, sauran aikin benci yana jiranka. Yau mako shida ke nan da aka cire wa Kawu ƙarin kansar da ke ɓangaren dama na hantarsa a Alƙahira. Kafin a shiga da shi tiyata, sinadarin AFP da ke jininsa 1,860 ne. Da nanogiram ake auna shi a kowace mililita, kuma a takardar da muke bugawa an sa 10 a matsayin iyakar mai lafiya. Tun da 24 ya haura 10, na'ura ta yi abin da ta saba, ta buga masa alama a gefe.

Babbar 'yarsa ce ta zo ta karɓi takardar. Kafin in gama wanke hannu ta riga ta ɗauki hotonta ta tura zauren dangi na WhatsApp, kuma nan take gida ya rabu biyu. Wasu na ta jero Alhamdulillahi, wai daga dubu ɗaya da ɗari takwas zuwa ashirin da huɗu ai an warke. Wasu kuma alamar nan kawai suka gani. Goggo ta kira ni muryarta na rawa: "Ɗan nan, gaya mini gaskiya, an ce abin ya dawo." Na ce ta kwantar da hankalinta, ba abin da takardar ta faɗa ke nan ba, da yamma za mu ga likita. Ban ce mata an warke ba, don takardar ba ta faɗi haka ba ita ma.

AFP furotin ne da hantar ɗan tayi ke yi tun yana ciki. Bayan haihuwa yakan yi ta raguwa har ya zama ɗan kaɗan ƙwarai a jinin babba. A 1956 aka fara gano shi a jinin ɗan tayi. A 1963 wani masani a Mosko, Garri Abelev, ya same shi a jinin ɓeraye masu kansar hanta, shekara ɗaya bayan nan Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutum mai irin wannan ciwo. Ƙwayoyin kansar suna komawa aikin da hanta ta bari tun a ciki, su riƙa zuba wannan furotin a jini. In an cire ƙarin gaba ɗaya, babu sauran mai zubawa, sai jiki ya kama share wanda ya rage. Ba a dare ɗaya yake sharewa ba. Duk kwana biyar zuwa bakwai adadin yana rabewa biyu.

Na juya bayan wata takardar neman gwaji na yi lissafi da biro. In duk mako ne yake rabewa, to 1,860 zai koma 930, sai 465, sai 232, sai 116, sai 58, a mako na shida ya sauka 29. In kuwa duk kwana biyar ne, da yanzu yana wajen 6. Ashirin da huɗu na tsakanin biyun. Ma'ana yana saukowa yadda ake sa rai, bai dai kai ƙasa ba tukuna. Akwai kuma wani abu da mu ma'aikatan ɗakin gwaji muka fi kowa damuwa da shi: waccan 1,860 wata na'ura ce ta bayar a Masar, wannan 24 tamu ce, kuma na'urori kan ɗan saɓa wa juna ko da jini ɗaya aka ba su. Daga yau duk gwajin da zai yi, a wuri ɗaya zai riƙa yin sa.

Da azahar aiki ya yi yawa, gwajin suga da na ƙoda da na masu juna biyu, ban ko sami cin abinci ba sai ruwan leda da biskit.

Ƙarfe uku na same su a layin ganin likita. Kawu na sanye da jallabiya mai faɗi don kada komai ya taɓa ɗinkin, ya rungume ɗan matashin da yake dannawa a ciki duk lokacin da tari ya zo masa. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa, amma idonsa fari tas, babu shawara. Da likita ya ce ya ɗaga riga, na sake ganin tabon, ya sauko daga ƙasan ƙirji ya karya zuwa dama ƙarƙashin haƙarƙari, ya bushe sarai. Likitan ya danna nan ya danna can, ya duba ƙafafu ko sun kumbura, sannan ya zauna ya buɗe fayil ɗin da suka zo da shi daga Masar. Bai fara da takardarmu ba. Rahoton waɗanda suka duba naman ƙarin a madubin likita ya fara karantawa: ƙari ɗaya ne, santimita huɗu da rabi, gefen da aka yanka babu ciwo a jikinsa, amma an ga ƙwayoyin kansar sun leƙa cikin wata 'yar ƙaramar jijiyar jini kusa da ƙarin. A nan ya ɗan daɗe.

Ya nuna mini wani layi a takardun kafin tiyata, gwajin PIVKA-II, wanda wasu ke kira DCP. Na Kawu 310 ne, iyaka kuwa 40. Ya ce, "Ka ga wannan? Tun kafin a buɗe shi wannan ya ba su labarin jijiyar." Shi wannan sinadari gurɓataccen furotin ne na daskarar da jini, wanda ƙwayoyin kansar hanta ke fitarwa ba tare da sun kammala haɗa shi ba. A 1984 aka fara bayyana alaƙarsa da kansar hanta, kuma likitocin Japan ne suka fi riƙe shi, tare da wani na uku, AFP-L3, wanda ke duba wane kaso na AFP ɗin ne irin na kansa. Abin da aka sha lura da shi shi ne, in PIVKA-II ya yi sama kafin tiyata, an fi samun ciwon ya shiga jijiyoyin jini, wanda ya shiga jijiya kuma ya fi saurin dawowa. Mu ba ma yin wannan gwajin a wurinmu, sai an tura jini wani gari, kuma ba arha. Likitan ya ce duk da haka a yi, domin tun da ya hau kafin tiyata, saukarsa shaida ce ta biyu. Ya tambayi Kawu ko yana shan wafarin, maganin da ke hana jini daskarewa, don shi da ƙarancin bitamin K suna ɗaga wannan adadi ko babu kansa. Kawu ya ce banda ƙwayar hanta da ta hawan jini ba ya shan komai. Goggo ta sunkuyar da kai. Na gani, na ajiye maganar zuwa gida.

Sai Kawu ya yi tambayar da ta kawo shi. "Likita, ranka ya daɗe, ni dai magana ɗaya nake so. Na warke ko ban warke ba?"

Likitan ya ce, "Alhaji, abin da ido ke gani an cire shi. Abin da ido ba ya gani shi muke bi da wannan jinin. Na yau shi kaɗai ba zai faɗa mana ba. Nan da mako huɗu a sake. In ya sauka ƙasa da goma ya zauna, mun ji daɗi. In ya tsaya a ashirin da wani abu, ko ya juya sama, za mu nemi inda yake fitowa tun kafin hoto ya nuna."

Kawu ya yi shekaru yana cinikin gyaɗa da riɗi a kasuwar Dawanau, ba a koya masa karanta lamba. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Wato kamar farashi ne. Ba na yau ake kallo ba, inda ya dosa ake kallo." Likita ya ce haka ne. Na daɗe ina neman yadda zan faɗa wa dangi wannan maganar, ga shi mai ciwon ya faɗe ta da kansa.

Na ji daɗin likitan nan don bai sassauta masa gaskiya ba, bai kuma tsorata shi ba. Ya ce cikin shekara biyun farko za a riƙa yin gwajin jini da hoton hanta duk wata uku, domin a lokacin ne ragowar tsohon ciwon kan fito in akwai. Wanda ke zuwa bayan shekara biyu yawanci sabon ƙari ne, daga hantar da cutar hanta nau'in B, wadda Kawu ke ɗauke da ita, ta riga ta wahalar. Abin da bai faɗa a gaban Goggo ba, ni ma ban faɗa ba, shi ne a cikin masu irin wannan tiyata, waɗanda ciwon ke dawo wa cikin shekara biyar kan kai kashi 70 cikin ɗari. AFP da ya haura 400 kafin tiyata yana cikin abubuwan da ke sa likita ya ƙara sa ido, na Kawu kuwa ya ninka haka fiye da sau huɗu. A ɗaya gefen kuma, ƙarinsa ɗaya ne, bai kai santimita biyar ba, hantarsa na aiki, kuma adadin na gangarowa. Duka a ma'auni ɗaya ake ɗora su.

Ni kaina ba na son yadda mutane ke ɗaukar AFP kamar hukuncin alƙali. Kusan ɗaya cikin uku na masu kansar hanta, AFP ɗinsu ba ya tashi ko kaɗan. Na taɓa buga wa wani bawan Allah sakamakon 6, ya tafi yana murna, alhali hoton cikinsa ya nuna ƙari ya cinye rabin hanta. Ga irinsa wannan gwaji ba zai yi amfani ba ko bayan tiyata, sai hoto ko PIVKA-II. Haka kuma yakan tashi babu kansar hanta: mai juna biyu nata yana sama, wanda ciwon hanta ya motsa masa nasa kan hau, akwai kuma ƙarin maraina da ke ɗaga shi. Takardar ba ta san wanda ya kawo jinin ba, likita ne ya sani.

Bayan magariba na bi su gida. Abin da Goggo ta ɓoye yana bayan ƙofa, jarka ce cike da wani jiƙo baƙi ƙirin da wata maƙwabciya ta kawo, wai maganin hanta ne sadidan. Ta ce sau biyu kawai ya kurɓa. Har ma an ba su shawarar ya huta da tenofobir, ƙwayar hantar da yake sha, tun da an cire ciwon. A nan ne na ɗan ɗaga murya, abin da ban saba yi a gidan ba. Ƙarin aka cire, ƙwayar cutar B na nan daram a sauran hantar. Maganin nan ne ke danne ta, kuma danne ta na rage yiwuwar sabon ƙari. In ya daina sha, cutar na iya tasowa da ƙarfi a kan hantar da ba ta gama farfaɗowa daga wuƙa ba, AFP ya hau saboda kumburi, mu rasa gane ko kansa ce ta dawo ko hanta ce ke kuka. Jiƙon kuwa ba wanda ya san abin da ke ciki, kuma duk abin da ya shiga ciki hanta ce za ta sarrafa shi. Kawu ya ce a zubar. Goggo ta ce za ta mayar wa mai shi don kada a ji kunya. Na ce ta mayar da jarkar, ruwan dai a kwata za a zuba.

Na kuma yi masa maganar gyaɗa, ya yi dariya ya ce yau an zo gidansa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da gubar aflatoksin, kuma in ta haɗu da cutar B haɗarin kansar hanta yana ninkuwa sosai. Ya fi ni sanin buhun da ya sha danshi, ya kuma san inda irin wannan gyaɗar ke ƙarewa, wurin masu ƙuli-ƙuli da mai, don ta fi arha. Bai musa ba.

Abin da ya ceci Kawu har aka iya yi masa tiyata shi ne an gano cutar B a jikinsa tun shekarun baya lokacin da ya je ba da jini, kuma ya riƙe zuwa hoton ciki duk wata shida. Yawancin waɗanda jininsu ke zuwa bencina da AFP a dubbai, sai ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa suke zuwa, lokacin maganar wuƙa ta wuce. Don haka kafin in tashi na kawo zancen 'ya'yansa. Sai a 2004 rigakafin cutar B ya shiga jerin alluran yara a Najeriya, manyan 'ya'yansa huɗu kuwa duk an haife su kafin nan, kuma babu wanda aka taɓa gwadawa a cikinsu. Uku sun yarda za su zo gobe bayan an sauko daga Juma'a. Na huɗun ya ƙi, bikinsa ya kusa, yana tsoron in abin ya fito a jininsa gidan yarinyar su ji. Na gaya masa ko ya fito ba ya hana aure, ita za a gwada a yi mata rigakafi, amma bai ce komai ba. Kawu ya ce in bar shi da shi.

Na rubuta wa Goggo ranar sake gwajin a jikin kalandar falo, na kuma roƙi babbar 'yar kada ta sake tura takarda zaure kafin likita ya gani. Gobe da safe kafin in shiga benci zan kira wurin da ke karɓar jinin PIVKA-II in ji nawa ne da yadda suke so a aika musu da shi.