Farin yadin Inna a kan igiya

Da niyyar in ba ku labarin yadda na kayar da mai tumatir na tashi yau, don rabon da in taya abu a sallama mini ba a ce "albarka" sau uku ba har na manta. Kasuwa ta cika maƙil kamar kowace Juma'a da Litinin, ga caɓi ko'ina saboda ruwan daren jiya. Wani ɗan kabu-kabu ya watsa mini taɓo a gefen zane, ko haushi ban ji ba. Hutun lakwal ne, ba allo ba alli. Na auni gero tiya biyu, na haɗa wa Inna da ɗanyar kuɓewa, na ja hannun ɗana Abba muka nufi gidanta a unguwar Bagalam, nan Maraɗi.

Labarin tumatir a zaure ya tsaya.

Muna shiga tsakar gida na ga an baza farin yadi a kan igiyar shanya, tsakanin wandunan yaran Yaya da wani tsohon gidan sauro. Dogo, fari fat, ba ɗinki ba ado. Tun ban ajiye kaya ba na gane shi. Shi ne wanda ta zo da shi daga Makka a 2012, ta ce an tsoma mata shi cikin zamzam, ta ninke ta sa can ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwan salla. Sau ɗaya na taɓa ganin shi, ranar ma ficewa na yi daga ɗakin.

Abba ya fizge hannunsa ya ruga ya shige ƙarƙashin yadin yana leƙowa.

"Inna, wannan zanen wa ne? Ba shi da fure."

"Nawa ne, Maigida. Na tahiya ne."

"Ina za ki?"

"Inda mai sunanka ya tahi."

Tsawar da na daka wa yaron nan har kaji suka watse. Na juya kanta: "Haba Inna, don girman Allah! Gaban yaro? Mi ya kawo wannan magana da ranar Juma'a?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta tsinkar zogalenta. "Damina ce. Na buɗe adaka na ji warin hunhuna. Ko so kike a naɗe ni cikin hunhuna?"

Na ce Allah ya ƙara mata nisan kwana, ta bar wannan zance.

"Amin," in ji ta. "Haka kuka ce ma Malam."

Nan bakina ya mutu. Don gaskiya ta faɗa, kuma ni ce na fara faɗar hakan a daren. Baba yana kwance, bayan isha'i ya ce a kira mu duka, ya ce yana da magana. Ya fara da "in ta Allah ta kasance", ni kuwa na tare numfashinsa da kuka, Yaya ya ce "Baba sauƙi na nan tafe, ka huta." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce to, Allah ya yi muku albarka. Muka fito muna ganin mun yi abin kirki, mun ƙarfafa masa zuciya. Kwana tara tsakani aka ɗauke shi a makara.

A wurin jana'iza an yi shelar da aka saba, duk mai bin mamaci bashi ya ga Yaya. Mutum biyu suka zo, aka sallame su. Muka ɗauka an gama. Sai bayan Inna ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma cif, har an ƙara wasu watanni, wata yarinya ta yi sallama ta ce kakanta ne ya aiko ta, yana tambaya ko Malam lafiya, ya ji shi shiru. Ashe wani tsoho ne makaho a Ɗan Gulbi, abokin Baba tun suna almajirai, wanda duk Juma'a Baba yake kai wa gero tiya ɗaya ya zauna su yi hira. Ba mu sani ba. Shi ma bai san abokinsa ya rasu ba. Ina jin yana cikin abin da Baba ya tara mu ya faɗa, muka rufe masa baki da "Allah ya ba ka lafiya".

Har yau in na tuna yarinyar nan tsaye a zaure da ɗan kwanonta, sai in ji kunya ta rufe ni.

Inna ta ce, "Ɗauko kaye da bik cikin jakar ɗiyan nan. Tunda kin ga yadin, zamna ki rubuta. Ke ce mai boko."

Na zauna. Hannuna yana rawa, ita kuwa kamar mai lissafin cefane.

Mai fura tana bin ta jaka biyu da rabi. Adashen Laraba saura zubi huɗu, ta riga ta ɗauka, kada a ce ba a sani ba. Kwallayen da ke saman gado na ƴar Yaya ne in aurenta ya tashi. Randar ƙofar gida, wadda take cikawa kullum tun rasuwar Baba don masu wucewa su sha, kada a bar ta ta bushe ko da ita ba ta nan, ladar ta su biyu ce. Geron tsohon Ɗan Gulbi a ci gaba da kai wa jikokinsa, ko da yake shi ma ya bi abokinsa bara. Ta ce ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan ba ta da rai, to mu su wa.

Sai ta rage murya: "Kuma kada ki bari Gwaggonku ta shiga wankana."

Na ɗago. Ta ce, "Mai wankan gawa abin da ta gani nan take barin shi. Ita ko kafin a kai ni, unguwar Mokoyo ta ji ina da tabo a cinya." Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga hawaye ga majina. Ita ma ta dara har tana riƙe ciki. Allah ya yafe mana, Gwaggo in an karanta miki wannan ki yi haƙuri, kin san halinki.

Zancen sadakar uku da bakwai da arba'in kuwa, ta san inda gizo ke saƙa. Ai an kwashe tsakanin Yaya da Kawu lokacin rasuwar Baba, ɗaya ya ce bidi'a ce, ɗaya ya ce haka ya tarar da iyayensa, har aka yi wata biyu ba gaisuwa. Ni ba malama ba ce a wannan fanni, ba zan yanke wa kowa hukunci ba. Abin da na sani kawai, ranar an fi jin muryoyinsu da sunan mamacin. Inna ta ce in rubuta: mai son ya yi mata sadaka ya yi a gidansa, wanda bai so ya yi mata addu'a, amma duk wanda ya ɗaga murya a tsakar gidan nan saboda ita ba ta yafe ba. Na ce Inna wannan ya yi tsauri. Ta ce ja layi ƙarƙashinsa.

Na ɗauka mun gama, har na rufe kaye. Ta yi shiru, ta ture kwanon zogale gefe.

"Akwai saura guda. In kuna yi mani addu'a, ku haɗa da yayarku."

Mun san kafin Yaya an yi wata ta koma. Iyakar saninmu ke nan. Ba a taɓa zancenta ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba, kamar ɗakin da aka rufe aka jefar da makulli. Yau ta buɗe. Ta ce shekarar El Buhari ce, 1984, da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, ba hatsi a rumbu, hanyar Jibiya kuma ba shiga ba fita, mutanen ƙauye suna ta kwararowa cikin Maraɗi da ƙwarya a hannu. Yarinyar ta fara tafiya, tana kama gefen gado. Ƙyanda ta shigo unguwa ta tarar da yara ba ƙarfi. Kwana shida. Baba ya ɗauke ta a hannu cikin ɗan ƙyalle, maza suka fita da ita, ita ko inda aka sa ta ba ta sani ba, tunda mata ba su bin gawa. Mata suka shigo suna "Allah ya sa mai ceto ce", aka ce ta yi haƙuri, yarinya ce, za ta samu wasu.

"Ɗiyar fari ce," in ji ta. "Tana da rai ban kira sunanta ba don kunya. Ta tahi ban kira ba don kar a ce ban da tawakkali. Yanzu in na bi ta, wa ya rage da ya san sunan?"

Sai ta faɗe shi. A hankali, sau ɗaya, tana kallon ƙasa, kamar amarya. Na rubuta shi a shafin ƙarshe, shi kaɗai. Ba zan sa shi a nan ba. Suna ne da nake kira kullum a aji, yara uku ke amsa shi bana.

Ban san me zan ce ba, kuma yau dai ban ce "bar wannan zance" ba. Na tambaye ta kamannin wa ta ɗauko. Ta ce goshin Baba, da wushirya irin tawa. Ta yi ta ba ni labarinta har aka fara kiran sallar Juma'a: yadda take tsoron zakara, yadda ba ta barci sai ta riƙe kunnen uwarta. Shekara arba'in da wani abu wannan hira tana cikin adaka.

Abin da ke damuna tun da na dawo, mu da muke cewa muna tsoron Allah, kullum muna jin malamai suna faɗar a yawaita tuna mai yanke jin daɗi, mu gyaɗa kai. Amma tsoho ya buɗe baki a cikin gida zai tuna ta da sunanta, sai mu ce mugun fata yake wa kansa. Ni dai na gane ba shi nake tausaya wa ba, kaina nake kare wa. Ba na son in ji. Inna ta ce su da suka taso sun tarar da tsofaffin da suka ga ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari a bakin gulbi har aka hauro tudu, kuma waɗannan mutane zancen mutuwa a bakinsu kamar zancen shuka ne. Ban sani ba ko mu asibiti da allura suka sa muke ganin kamar ana iya ɗaga ranar.

Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso. Inna ta ce maza yadin. Muka kama, ita baki biyu ni baki biyu, muka ja ya miƙe, muka haɗa hannu muka ninke, kamar yadda muke ninke zanen gado tun ina ƙarama. Yana ƙanshin rana. Abba ya nace sai shi zai kai ɗaki, ta ɗora masa a ka, ya tafi yana rangaji. Ban hana ba.

Dawowa ruwa ya kama mu wajen babbar kasuwa, mun jiƙe sharkaf. Tumatir ɗin da na yi nasarar tayawa rabi ya fashe a leda. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke tun magariba, da hasken waya nake rubutun nan. Maigidan ya ga idona ya tambaya, na ce gobe.

Da zan kwantar da Abba ya ce, "Mama, in Inna ta tahi wajen mai sunana, wa zai cika randa?" Na ce mu. Ya ce shi ne zai riƙe moɗa.

Litinin in Allah ya kai mu zan biya wurin mai fura. Na ce zan biya da kuɗina, Inna ta ce a'a, bashinta ne, in zo in karɓa a hannunta.