Mai Tallan Ashana a Stuttgart

Da sassafe na hau jirgin ƙasa daga Frankfurt, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Awa ɗaya da wani abu muka sauka Stuttgart, garin da kowa ya sani da motar Mercedes. Ni kuwa zanen Otto Dix ne ya kawo ni, Bajamushen da ya riƙe mashinga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dawo gida ya kasa kau da kai daga abin da yaƙin ya yi wa 'yan'uwansa sojoji.

A gidan zane na Staatsgalerie na sami zanen, Mai Tallan Ashana, aikin 1920. Tsohon soja ne zaune a bakin titi, makaho, ba hannaye, ƙafafu sun zama dungu, ga akwatin ashana a gabansa, baki buɗe yana talla. Masu wucewa kuwa ba a ganin fuskarsu, sai ƙafafu da gefen tufafi masu tsada, kowa na ɗaga ƙafa kamar mai gudun annoba. Kare ne kaɗai ya tsaya wurinsa, shi ma fitsari yake masa a dungun. Na daɗe tsaye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Dix ya ajiye idon mai kallo ƙasa-ƙasa, kusa da mutumin, sai ka ji kamar kai ma ake tsallakewa.

Daga nan na taka zuwa Kunstmuseum, ginin gilashin da ke dab da dandalin Schlossplatz. Can akwai zanen Dix na titin Prager na birnin Dresden, shi ma na 1920: wani marar ƙafafu bisa katako mai taya, bayansa tagar kanti da ƙafafun roba na sayarwa. Kusa da shi ga takarda an rubuta a kori Yahudawa, shekara 13 kafin Hitler ya hau mulki. Da 'yan Nazi suka hau a 1933 sai suka raba Dix da aikin koyarwa a Dresden, a 1937 kuma suka baje zanensa a Munich don a yi masa dariya, wai ya ci mutuncin jarumai.

A jirgin komawa ban iya cin burodin da na saya ba. Guragun da ke kan ƙananan kekunansu a danjojin Kano nake ta gani, da yadda hannuna ke saurin ɗaga gilashin mota tun kafin su ƙaraso.