Injin ne ƙarshen aiki a tsohuwar mota

Duk wanda ya kawo mini tsohuwar mota don a tayar da ita, da zancen injin yake farawa. Ni kuwa sai in sa yara su ɗaga ta a jak, in shiga ƙarƙashi da tocila da ɗan guduma. Haka maigidana ya hore ni. Dattijo ne da ya yi aiki a kamfanin haɗa Peugeot na Kakuri a Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, kafin ya fito ya kafa garejinsa. Tsarinsa ba ya sauyawa: ƙarfen jikin mota, birki, sitiyari da ƙafafu, wayarin, sannan injin. Fenti kuwa ba a ko ambatonsa sai mota ta taka titi ta dawo lafiya.

Gudumar nan ita ke tona asiri. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsini, inda aka cusa fila aka shafe da fenti kuwa sai ka ji dum. A Peugeot 504 wuraren da nake fara bugawa su ne ƙarƙashin kafet wajen ƙafar direba, kwanon but, da gindin shokazoba na gaba. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Maraɗi takan fito da ƙashinta garau ko da rana ta cinye fentin. Wadda ta sha iskar teku a Legas takan zo tana sheƙi, ka sa yatsa ya wuce.

A 'yan shekarun nan samari ne ke zuwa da motocin iyayensu, da bidiyo a waya. Wani ya nuna mini wata Ford ta 1932, babu madigadi, injin a waje yana ruri, irin waɗanda Amurkawa ke kira hot rod. Ya ce, "Oga, irin wannan nake so. A samo injin V8, mai silinda takwas, na Beljiyam a zuba mata." Na ce, "Ƙanena, zubawa ba wuya. Wa zai tsayar da ita?"

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne yadda masu sana'ar suka faro. Samarin kudancin Kalifoniya ne na shekarun 1930, marasa kuɗin sabuwar mota, suke sayen tsofaffin Ford Model T da Model A da arha. Aikinsu na farko ragewa ne: su cire madigadi, rufi, gilashin gaba, duk abin da ke da nauyi ko yake tare iska, su tafi busasshen tafkin Muroc cikin hamadar Mojave su gwada gudu. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa babbar ƙungiya mai suna SCTA don a sa wa tseren doka. V8 ɗin da Ford ya fitar a 1932, wanda ake ta yi wa kirari, ƙarfin doki 65 ne kacal, bai kai na 504 ɗinmu ba. Kuma Ford bai koma birkin mai ba sai 1939. Kafin nan sanduna da waya ke jan birki. Shi ya sa cikin sanannun ayyukan waɗannan samari akwai ciro birkin mai daga Ford ta 1939 zuwa sama a ɗaura wa tsohuwa. Su da suka ƙirƙiro abin ma sun san gudun da babu tsayawa ba na mai hankali ba ne.

Ita 504 an auna ta ne a kan injinta. Mai silinda huɗu ne, cc 1971, a kishingiɗe yake gefe guda don bonet ya yi ƙasa, kuma ƙarfinsa da kafireta bai kai doki 100 ba. Furofela a cikin bututu take, daga giyabos har baya. Ka sa injin da ya ninka wannan sau biyu ko uku, to ka taɓa komai: gaba ya yi nauyi, sitiyari ya ƙi juyawa, lagireto ya kasa, aksul ya fara kuka, birki ya zama ado. Da wannan tsarin nata dai ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma ci tseren Safari na Kenya a 1975. Wanda ya tsara ta ba wawa ba ne, kuma kafin ka gyara masa aiki sai ka fahimci abin da ya nufa.

Wurin da na fi koyon haƙuri shi ne cikin injin nan. Silindojinsa ba a jikin bulok aka huda su ba, kofuna ne da ake zarewa, ruwa na zagaye su, kowanne zaune a kan siririn sil a gindi. Da ka cire tof silinda babu abin da ke danne su. Yaro ya juya kiranshaf don ya ga fistin na motsi, kofi ya ɗaga ko da kaurin gashi ne, sil ya saki, bayan mako mota ta dawo da baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Maigidana kafin ya ajiye tof a ƙasa yake ɗaure kofunan da manyan washa da kusoshi biyu, kuma ba ya barin kowa ya matso. Haka kuma lambar silinda: Faransawa daga wajen kuloci suke fara ƙirga ta ɗaya. Bakaniken da ya saba da motar Japan ya zo ya ƙirga daga gaba, sai ya wuni yana zagin littafi.

Ba na jefar da tsohon kaya, wannan ma darasi ne da kasuwa ta koya mini. Kafiretar Solex ta asali da aka wanke aka sauya mata gaskit ta fi sabuwa mai kwali da ba a san inda aka ƙera ta ba. A Panteka ko Ƙofar Ruwa har yanzu ana tsintar na asali, amma sai ka je da naka a hannu ka gwada, don 504 ta daɗe ana yin ta kafin a daina, tun daga 1968, kuma ta farko da ta ƙarshe ba komai nasu ya zo ɗaya ba.

Ba wai na haramta sauya injin ba ne. Na sa wa fikof ɗin 504 injin dizal, na sa wa wasu giyabos mai giya biyar na 505, masu su suna godiya. Sharaɗina shi ne mai mota ya fara biyan kuɗin birki, tayoyi da walda, in ya rage sai mu yi maganar doki. Yawancinsu idan suka tuƙa ta bayan an saita bawul da kontak, an sa sababbin bushin, maganar V8 ba ta sake tasowa. Waɗanda suka nace kuwa nakan nuna musu garejin da ke gaba.